Yadda Ake Fara Koyon Tabla, Daga Zaɓen Ganga Zuwa Riƙe Zagayen Tintal

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a Kano ko Zariya ko Maraɗi, kunnensa ya riga ya san muryar tabla ko da bai taɓa ganinta ido da ido ba. Ita ce tagwayen gangunan nan da ake kaɗawa da yatsu, ɗaya mai siririn amo mai tsabta, ɗayar mai kaurin murya da ke hawa tana sauka a ƙarƙashinta. Asalin gidanta shi ne kiɗan gargajiya na arewacin Indiya wanda ake kira Hindustani, inda take raka mawaƙi, ko mai kaɗa sitar da sarod, ko mai rawar kathak, wani lokaci kuma ta cika fili ita kaɗai. Daga nan ta bazu zuwa ƙawwali, wato waƙoƙin begen Sufaye, a Pakistan, da waƙoƙin ibada na mabiya addinin Sikh, da kiɗan Afganistan da Bangladesh. Masana tarihin kiɗa sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 18 ta bayyana da siffar da muka sani, duk da cewa labarin baka yana jingina ƙirƙirarta ga mawaƙi Amir Khusrau na Delhi, wanda ya rasu a 1325.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga farko shi ne, tabla da baki ake fara koyonta kafin hannu. Kowane bugu yana da sunansa, ana kiran sunayen nan bol, kuma abin da harshe bai iya furtawa daidai ba, yatsa ba zai iya kaɗa shi daidai ba. A kan wannan ginshiƙi aka jera matakan da ke tafe.

Mataki na farko: a san kayan

Ƙaramar gangar ana kiranta dayan, wato ta dama. Da gungumen itace mai nauyi ake sassaƙa ta, galibi shisham ko dogon yaro, kuma faɗin fuskarta bai cika wuce inci 5 zuwa 6 ba. Babbar ita ce bayan, ta hagu, mai siffar tukunya, wadda ake ƙerawa da tagulla ko jan ƙarfe, a wasu wuraren kuma da yumɓu, faɗin fuskarta kimanin inci 9 ne ko 10. Kowacce tana zama a kan gammonta domin kada gindinta ya taɓa ƙasa amon ya mutu.

Fuskar gangar, wadda ake kira puri, fatar akuya ce, kuma tana da yankuna uku da dole mai koyo ya iya bambancewa da yatsansa ko da idonsa a rufe. Akwai kinar, wato siririn zoben fata na biyu da ya kewaye baki. Akwai maidan, filin fata da ke bin bayansa. Sai kuma siyahi, baƙin da'irar nan da ke tsakiya, wadda ita ce ran gangar gaba ɗaya. Ana haɗa ta ne da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko na alkama da kunkunniya, a shafa ta shimfiɗa a kan shimfiɗa, kowace a goge ta da dutse mai santsi har ta yi ƙananan tsaga masu yawa kafin a ɗora ta gaba. Nauyin da take ƙara wa tsakiyar fatar shi ne ke sa dayan ta fitar da murya guda tsayayya wadda za a iya saita ta da muryar mawaƙi. Masanin kimiyyar nan na Indiya, C. V. Raman, ya yi bincike a kan wannan tun a 1920, shekara goma kafin ya karɓi kyautar Nobel, inda ya nuna cewa amon da ke fita daga irin waɗannan ganguna yana jeruwa bisa tsari kamar yadda na tsirkiya ke yi, abin da ba a samu a gangar da fatarta ke da kauri ɗaya ko'ina. A dayan siyahi tana tsakiya daidai, amma a bayan an gusar da ita gefe, domin a bar wa tushen tafin hannu wurin zama.

A gefen puri akwai tufkakken zoben fata mai suna gajra, wanda doguwar igiyar fata ke ratsawa sau 16 tana sauka zuwa gindi tana dawowa. A jikin dayan an cusa guntayen itace 8 a ƙarƙashin igiyar, sunansu gatta, kuma da su ake ƙara ɗauri ko a sassauta. Ƙaramar gudumar ƙarfe tana zuwa tare da kayan.

Mataki na biyu: zaɓe

Kasuwa cike take da tabla ta ado wadda aka yi domin 'yan yawon buɗe ido, kuma babu abin da ke kashe wa mai koyo gwiwa kamar ya yi wata da watanni yana zargin yatsunsa alhali laifin na gangar ne. A ɗaga dayan a ji nauyinta, domin mai sauƙi ba ta riƙe amo. A duba bakin itacen a tabbatar babu tsaga kuma da'irar ta cika. A ɗan buga tsakiyar siyahi da manuni a ɗauke yatsan nan take, sannan a saurara: ganga mai kyau amonta yakan daɗe yana tafiya a miƙe kafin ya ɓace. A shafa siyahi a hankali, idan ƙwayoyinta suna motsi ko suna zuba, a ajiye ta.

Faɗin fuska shi ke yanke iyakar muryar da gangar za ta iya kaiwa. Ƙarama tana hawa sama, babba tana sauka ƙasa, kuma kowacce ɗan taƙaitaccen fili take da shi. Ga mai farawa, dayan mai faɗin inci biyar da rabi, wadda ke zama a wajen muryar da ake rubutawa C ko C# a rubutun kiɗa na Turawa, ita ta fi dacewa a ganina, saboda yatsun babban mutum suna samun wurin zama a kanta, kuma ita ce ta fi yawan shiga da sauran kayan kiɗa. Wanda zai yi odar kayan daga Banaras ko Kolkata ko Mumbai, ya haɗa da puri guda na ajiya, domin ba ko'ina ake samun mai gyara ba.

Mataki na uku: zama da saita murya

A ƙasa ake zama, a tanƙwashe ƙafa, baya a miƙe, kafaɗu a sake. Dayan tana gaban gwiwar dama, an ɗan karkatar da fuskarta zuwa gaba, ta kauce wa mai kiɗan, yadda wuyan hannu zai tafi a miƙe ba tare da lanƙwasa ba. Bayan tana gaban gwiwar hagu, an juya ta yadda siyahi za ta kasance can gaba, filin fata mai faɗi kuma ya kasance kusa da mai kiɗan. Bahago yana iya musanya su. A al'adar masu wannan kiɗa ba a tsallake tabla, ba a taɓa ta da ƙafa, ba a kuma zama gabanta da takalmi, kuma duk wanda zai je gaban malami ya kamata ya san wannan tun daga gida.

Saita murya aiki ne na haƙuri. Da farko a kunna tanpura, wato kayan tsirkiyar nan mai dogon wuya da ke riƙe tushen murya a kiɗan Indiya, ko kuma manhajar waya da ke kwaikwayonta. Tushen muryar ana kiransa Sa, kuma a kansa ake yawan ɗora dayan. Idan tazarar da ke tsakanin gangar da Sa mai yawa ce, da gatta ake farawa: a buga su da guduma su yi ƙasa, igiya ta ƙara ɗauri, murya ta hau, a tura su sama, murya ta sauka. A tabbatar dukansu suna kan layi ɗaya. Idan an zo kusa, sai a koma kan gajra. Bugun gajra daga sama yana ɗaga murya, bugunsa daga ƙasa yana sauke ta. Ana bugawa ne a hankali a tsakanin igiyoyi, kuma ko da wasa kada guduma ta sauka a kan fatar da ake kaɗawa, domin bugu ɗaya a bakin itacen ya isa ya huda ta.

Inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe shi ne su saita gefen da ke gabansu su manta da sauran. Dole ne a riƙa juya gangar ana gwada kinar wuri bayan wuri, kuma idan an gyara wani gefe a duba wanda ke fuskantarsa, saboda jan ɗaya yana shafar ɗayan. Ganga da wani gefenta ya fi wani ɗauri, amonta yakan yi rawa ya kuma yanke da wuri. Da zarar ɗaurin ya daidaita ko'ina, za a ji muryar ta buɗe ta tsaya cak. Ita bayan ba a matsa mata haka, ya isa a ɗaure ta yadda za ta yi kauri ba tare da ta saki ba.

Mataki na huɗu: bugu shida na tushe

A ɗan shafa hoda kaɗan a yatsu da tushen tafin hagu. Na farko kuma mafi wahala shi ne Na, wanda wasu ke kira Ta. A ɗora kan yatsan zobe a gefen siyahi, ya zauna a nan ba tare da dannawa ba, ƙaramin yatsa yana biye da shi, yatsan tsakiya kuma a ɗage. Sai a juya hannu kaɗan daga gwiwar hannu, manuni ya sauka a kan kinar da sauri. Yatsan zoben nan da ke zaune shi ke toshe kaurin amon ya bar siririn ya fito. Idan aka danna shi da ƙarfi sautin zai mutu, idan aka ɗage shi kuma sautin zai baje. Samun tsakiyar waɗannan biyun yakan ɗauki makonni, kuma bai kamata a yi gaggawar wuce shi ba, domin daga jin Na ɗin makaɗi masana ke gane inda ya kai.

Tin ma haka hannu yake zama, sai dai manuni yana sauka ne a kan maidan, da laushi, ya tashi nan take. Wanda ake kira Tun kuwa buɗaɗɗen bugu ne, ana ɗauke dukan yatsu daga fatar, manuni ya taɓa siyahi ya tashi, gangar ta yi amo iyakar ƙarfinta. Sai Ti da Ta na tsakiya (wannan Ta daban yake da wancan da ke nufin Na), waɗanda tare ake furta su TiTa: rufaffun bugu ne a kan siyahi, inda yatsa ke sauka ya zauna. A salon Delhi yatsan tsakiya ke yin na farko, manuni ya yi na biyu. A salon gabas, wato na su Laknau da Banaras, ana haɗa yatsu biyu ko uku a bugun farko domin ya fi cika.

A hagu bugu biyu ne. Ke shi ne a shimfiɗa tafi da yatsu a kan fatar su zauna, ya ba da rufaffen sauti marar amo. Ge shi ne wanda ya sa tabla ta zama tabla. Tushen tafin hannu yana zaune a kan filin fata, yatsu sun yi baka sun tsallake siyahi, sai kan yatsan tsakiya da na zobe, ko na manuni, su sara fatar da ke can gaba su tashi. Idan bayan bugun aka danna tushen tafin ko aka zame shi gaba, muryar za ta hau, idan aka sake ta sauka. Abin da mai kalangu ke yi da hammatarsa lokacin da yake matse tsirkiya, shi mai tabla ke yi da tushen tafinsa.

Daga waɗannan ake haɗa sauran. Na da Ge a lokaci guda su ne Dha. Tin da Ge su ne Dhin. Sharaɗin shi ne hannayen biyu su sauka tare, kunne ya ji bugu ɗaya. A kowane zama, a furta bol da baki da ƙarfi sannan a kaɗa shi, har sai sunan da sautin sun zama abu guda a kai.

Mataki na biyar: tala, da yadda ake riƙe tintal

Lokaci a wannan kiɗa zagaye yake yi. Kowane zagaye ana kiransa tala, an raba shi zuwa taku masu suna matra, kuma takun farko, sam, shi ne inda mawaƙi da makaɗi ke haɗuwa komai nisan da kowannensu ya yi. Tintal ita ce uwa: taku 16, kashi huɗu, kowane kashi taku huɗu.

Kafin a taɓa ganga, a koyi riƙe ta da hannu. A tafa a taku na 1, a ƙirga uku da yatsu. A tafa a na 5. A na 9 kada a tafa, a juya tafin hannu sama a kaɗa shi gefe. A sake tafawa a na 13. Wannan kashi na uku da ba a tafa masa sunansa khali, wato wofi. Yanzu sai a ɗora kalmomin a kan tafin:

Dha Dhin Dhin Dha
Dha Dhin Dhin Dha
Dha Tin Tin Ta
Ta Dhin Dhin Dha

Wannan shi ake kira theka, wato fuskar talar da kowa ke gane ta da ita. A lura da abin da ya faru daga taku na 10 zuwa na 13: Dhin ya koma Tin, Dha ya koma Ta, ma'ana hannun hagu ya daina yin Ge. Wannan ɗan shirun na bayan ba ado ba ne. Shi ne ke gaya wa mawaƙin da ya lula cikin waƙarsa cewa an wuce rabin hanya, kuma dawowar kaurin a taku na 14 sanarwa ce cewa sam ya kusa. Makaɗin da bai fito da bambancin khali ba, ya ɓatar da abokin tafiyarsa ko da bugunsa ya yi daɗi.

A yi ta furta theka da tafi har sai an iya yi ana tafiya ko ana wani aiki, sannan a kai ta kan ganga a hankali ƙwarai, taku ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko ma ƙasa da haka. Jinkiri ya fi sauri wahala, domin a cikinsa ne duk wata karkata ke fitowa fili. Bayan tintal ta zauna, keherwa mai taku 8 da dadra mai taku 6 ba za su yi wuya ba, kuma su ne mafi yawan abin da ake ji a waƙoƙin fim da na biki, inda dholak, wata ganga mai fuska biyu, ke yawan ɗaukar aikin. Jhaptal mai 10 da rupak mai 7 su jira.

Mataki na shida: kayda, tihai da lehra

Kayda jimla ce ta tushe wadda ake juya kalmominta a fitar da sababbi, bisa sharaɗin kada a shigo da bol ɗin da babu shi a cikinta. Wadda kusan kowane ɗalibi ke farawa da ita ta gidan Delhi ce:

Dha Dha Ti Ta Dha Dha Tin Na
Ta Ta Ti Ta Dha Dha Dhin Na

Layi na biyu inuwar na farko ne, an cire kaurin hagu a farkonsa, an maido shi a ƙarshe. A kaɗa ta bol ɗaya a taku ɗaya, sannan biyu a taku ɗaya, sannan huɗu, ba tare da tafin ya canza sauri ba. Wannan ninkin shi ke gina hannu.

Tihai kuwa ita ce hanyar rufewa: jimla ɗaya a maimaita ta sau uku, bugun ƙarshe ya faɗa a kan sam. Lissafinta a bayyane yake. A ɗauki Dha Dha Ti Ta Dha, taku 5 ke nan, a bar hutun taku ɗaya tsakanin kowane maimaici. Idan an fara a taku na 1, na farko zai ƙare a na 5, na biyu ya tashi daga 7 zuwa 11, na uku ya fara a 13, Dha ɗinsa na ƙarshe ya sauka a taku na 17, wanda shi ne sam na sabon zagaye. Ranar da ɗalibi ya fara jin wannan saukar a jikinsa, ba da ƙirge ba, ya shiga kiɗan.

Duk wannan atisaye, wanda suke kira riyaz, ya fi kyau a yi shi da lehra, wato gajeren karin da ake maimaitawa da sarangi, wato wani irin goge na Indiya, ko harmoniyam mai tsawon zagaye ɗaya daidai. Akwai manhajojin waya da ke yin sa. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu a ranar hutu amfani, kuma idan wuyan hannu ko kafaɗa suka fara ciwo, alama ce ta cewa zaman ya karkace, a tsaya a gyara.

Malami da abin saurare

Gidajen koyon tabla, waɗanda ake kira gharana, shida ne sanannu: Delhi, wanda ake ɗauka mafi tsufa, da Ajrada, Laknau, Farukhabad, Banaras da Punjab. Rubutu yana iya nuna inda yatsa zai sauka, amma ba ya ganin kafaɗar da ta ɗage ko yatsan da ya ƙage, don haka ko ta bidiyo ne a nemi malamin da zai kalli hannu ya gyara, musamman a watannin farko. A kuma yawaita saurare. Ustad Alla Rakha na gidan Punjab, wanda ya raka makaɗin sitar Ravi Shankar a bikin Monterey a 1967 da na Woodstock a 1969, da ɗansa Zakir Hussain da ya rasu a Disambar 2024, da Kishan Maharaj na Banaras, da Ahmed Jan Thirakwa, duk akwai kiɗansu a intanet. A saurare su ana tafa tintal, ana neman sam.

Kula da ganga a yanayinmu

Fata tana bin iska. Da damina laima takan sassauta puri, murya ta faɗi, siyahi ta yi laushi, don haka a riƙa rufe fuskar da matashinta a ajiye ta nesa da bango mai danshi, kuma ruwa ko gumi kada su zauna a kan siyahi. Hunturu ya fi haɗari ga wanda ke zaune a ƙasar Hausa, domin busasshiyar iskar nan takan ja fatar ta ɗaure fiye da kima, kuma puri da aka bari a ɗaure yana iya tsagewa cikin dare ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Idan sanyi ya shigo, a riƙa ɗan tura gatta sama bayan an gama atisaye, a sa gangar cikin jakarta, kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota a rufe. Idan Na ya fara ziza, sau da yawa ƙura ce ta shige ƙarƙashin kinar; a share ta a hankali, idan zizar ta ci gaba a zura siririn zare tsakanin kinar da fatar ƙasa, a matsa shi kaɗan kaɗan har sautin ya washe.